Balthasar Neumann: Maƙerin Igwa da Ya Zama Sarkin Maginan Wurzburg

Waɗanda suka tashi a zangunan Kamaru da Togo da gabashin Gana sun san yadda dattawa ke ambaton “ginin Jamus”. Idan aka ga gada ko gidan gwamnati ya haura shekara ɗari bai tsage ba, kamar gadar ƙarfe ta Edeya da aka ɗora a kan kogin Sanaga a 1911, ko tsohon gidan gwamna na Lome, sai a ce ai aikin Jamus ne, a kaɗa kai a wuce. Mun kuma san a kan wa aka ɗauko duwatsun, domin kakanninmu da maƙwabtansu ba su manta da aikin tilas ba. Yau dai za mu bar waɗancan gine-gine, mu koma can ƙasar da maginan suka fito, shekaru kusan ɗari biyu kafin su iso gaɓar tekunmu, mu duba rayuwar mutumin da Jamusawa da kansu suke sawa a sahun gaba idan ana lissafin gwanayen magina. Sunansa Balthasar Neumann, ana furta shi Noiman.

An haife shi a ƙarshen watan Janairu na 1687 a garin Eger da ke ƙasar Bohemiya. Garin yana nan har yanzu, amma sunansa ya koma Cheb, yana cikin Jamhuriyar Cek, kuma masu jin Jamusanci da suka zauna a cikinsa ɗaruruwan shekaru an kore su bayan yaƙin duniya na biyu. Mahaifinsa masaƙi ne mai 'ya'ya da yawa da ƙaramin hali. Babu magini a gidansu, babu mai zane. Da ya tasa, aka kai shi koyon sana'a wurin wani maƙeri mai zubin tagulla, wanda ke ƙera ƙararrawar majami'u da kuma igwa. A wannan maƙera ya koyi abin da ya rike shi har ƙarshen rayuwarsa, wato sanin nauyi da awo, da sanin cewa kuskuren da bai kai faɗin yatsa ba a cikin ma'auni yana iya fasa igwa a fuskar mai harba ta.

A 1711, yana ɗan shekara 24, ya isa Wurzburg, birnin da ke bakin kogin Main a yankin Farankoniya, ya kama aiki a wata maƙerar zubi. A nan ya ƙara da ilimin albarushi da wasan wuta na bukukuwa, har ya sami takardar shaida. Shekarar da ta biyo ya shiga rundunar masu igwa a matsayin ƙaramin soja. Dalilinsa a fili yake: a wancan zamani ɗan talaka ba shi da wata ƙofa zuwa ilimin injiniya sai ta bariki, domin a can ake koyar da lissafi da awon ƙasa da ginin ganuwa. Wani hafsan injiniya mai suna Andreas Müller ya lura da shi, ya ja shi a jiki. Majalisar garinsu na haihuwa ma ta ba shi rancen kuɗi domin ya sayi littattafai da kayan awo, abin da ya kamata ƙungiyoyinmu na 'yan gari su tsaya su yi tunani a kai. A 1713 ya ƙera wani ma'auni na tagulla da ke fitar da daidaiton ginshiƙai ba tare da dogon lissafi ba. A 1717 yana cikin rundunar da Yarima Eugen ya kai Belgared domin yaƙi da Turkawan Daular Usmaniyya, a matsayin injiniyan ramuka da shingaye. Ya dawo ta Biyana, ya ga Milan, ya cika idonsa da manyan gine-gine. Har zuwa lokacin bai gina wani abin a zo a gani ba.

Kafin mu ci gaba dole mu fayyace irin ƙasar da yake ciki, domin ba Jamus ɗin da muka sani yau ba ce. Tarin ƙananan masarautu ne fiye da ɗari biyu a ƙarƙashin inuwar wani sarkin sarakuna da ke zaune a Biyana. Wasu daga cikin masarautun nan bishof ne ke mulkinsu, yana riƙe da sandar addini a hannu ɗaya da ta sarauta a ɗaya hannun, yana karɓar haraji, yana da soja da kotu. Wurzburg irin wannan ce. Bishof ba ya aure, saboda haka ba a gadon kujerar daga uba zuwa ɗa, majalisar manyan limaman cocin ce ke zaɓe. Duk da haka wata zuriya mai suna Schönborn ta iya lallaɓa al'amura har 'ya'yanta da 'ya'yan 'yan'uwanta suka hau kujerun Mainz da Bamberg da Wurzburg da Speyer da Trier. Zuriya ce mai masifar son gini. Su da kansu suna yi wa abin lakabi da “tsutsar gini”, suna cewa ta shige su ba ta da magani.

A 1719 aka zaɓi Johann Philipp Franz von Schönborn bishof kuma sarkin Wurzburg. Magabatansa suna zaune ne a tsohuwar ganuwar Marienberg a kan tudu, ƙetaren kogi. Shi kuwa yana son fada a cikin gari, irin wadda za a ji labarinta a Faris da Biyana. Sai ga kuɗi sun faɗo masa daga inda ba a zata ba: an tuhumi wani babban ma'ajin masarautar da cin amanar baitulmali, aka tilasta masa biyan dukiya mai yawan gaske, kuma da ita aka fara aikin. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne wanda ya damƙa wa ginin. Ya tsallake sanannun magina ya ɗauko hafsan igwa ɗan shekara 32, baƙo a garin, ɗan masaƙi. An aza harsashi a watan Mayu na 1720.

'Yan'uwan bishof ba su yarda su bar wa sabon shiga wannan aiki shi kaɗai ba. Kawunsa Lothar Franz na Mainz ya turo magininsa, Maximilian von Welsch. Ƙaninsa Friedrich Karl, wanda ke riƙe da babban muƙami a fadar Biyana, ya shigo da Lucas von Hildebrandt, gwanin da ya gina wa Yarima Eugen fadar Belvedere. A 1723 kuma aka tura Neumann Faris ya nuna zane-zanensa ga maginan sarkin Faransa, Robert de Cotte da Germain Boffrand, su ma suka sa nasu alƙalami. Duk wanda ya taɓa gina gidan gado, inda kowane ɗan'uwa ke da ra'ayi a kan inda za a sa ƙofa, ya san abin da wannan ke nufi. A ganinmu a nan ne gwanintar Neumann ta fara bayyana, tun kafin a zo maganar rufi. Ya saurari kowa, ya karɓi abin da zai karɓa, ya bar manya suna musu ta wasiƙa, shi kuwa yana wurin aiki kullum tare da masu sassaƙar dutse da masu kwaɓa farar ƙasa. Sauran sukan zo su tafi. Shi ya zauna shekara ashirin da huɗu a kan ginin, kuma a ƙarshe fadar ta fito da fuska ɗaya kamar daga kai ɗaya ta fito.

Aikin bai tafi a miƙe ba. Johann Philipp Franz ya mutu a 1724 bai kwana ko dare ɗaya a fadar ba, kuma talakawansa ba su yi kukan rashinsa ba saboda nauyin harajin da ya ɗora musu. Wanda ya gaje shi, Christoph Franz von Hutten, mutum ne mai tsimi, ya kusa tsayar da komai. Sai da Friedrich Karl von Schönborn ya hau a 1729 guduma ta sake ƙara. A ƙarshen 1744 aka kammala gangar jikin ginin: tsawonsa ya kusa mita 170, ɗakunansa sun haura 300, an gina shi da dutsen yashi mai ruwan ɗorawa. Ana ba da labarin cewa da Napoleon ya sauka a ciki bayan shekaru, ya yi ba'a cewa bai taɓa ganin gidan limami mai kyau irin wannan ba.

To, abin da ke kai mutane Wurzburg daga ko'ina a duniya shi ne zauren matakala. Yana da kyau mu tsaya a nan mu daɗe.

A fadojin Turai na wancan ƙarni matakala wurin siyasa ce. A kan ta ake auna darajar baƙo: taki nawa mai gida zai sauko ya tarye shi, a wane mataki za a tsaya a gaisa. Zanen farko na fadar yana da matakala biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Daga baya aka soke ɗaya, aka faɗaɗa wadda ta rage. Baƙo yana shigowa da keken dokinsa har cikin wani zaure mai ƙasa-ƙasa da duhu-duhu, ya sauka, ya kama hawa. Matakalar tana tashi guda ɗaya zuwa tsakiya, sa'an nan ta rabu biyu ta juyo baya. Da kowane taki haske yana ƙaruwa, rufi yana buɗewa, har mutum ya iske kansa a ƙarƙashin wani sarari mai faɗin kimanin mita 18 da tsawon kimanin mita 30, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya da ke tallafe shi.

Maginanmu na gargajiya za su fi kowa gane girman wannan kasada. A ginin soro na ƙasar Hausa, idan ana son rufe babban zaure ba ginshiƙi, ana ɗaure bakan gizo ne da azara, a jera ta hawa-hawa tana miƙowa daga bango, a lulluɓe da ƙasa, kamar yadda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya yi a masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Azarar ce ƙashin bayan bakan. Rufin Neumann ba shi da irin wannan ƙashi. Jan bulo ne da dutse aka jera suna danne juna, kowane ɗaya yana tura na kusa da shi, nauyin duka yana gangarowa gefe ya tura bango waje. Idan bakan ya yi tsayi kamar rabin ƙwarya, turin yana sauka ƙasa da sauƙi. Idan kuwa ya kwanta kamar faifai, turin yana komawa gefe da ƙarfi, bango ya buɗe, rufi ya rufto. Na Neumann a kwance yake, ɗagowarsa 'yan mitoci ce kawai a kan wannan faɗi. Dabararsa ita ce ya sa bulo mai ƙarfi a ƙasa inda turin ya fi tsanani, ya sa wani dutse mara nauyi mai huhu-huhu a can sama, ya ƙarfafa bayan rufin da haƙarƙari, ya kuma bar shi siriri ƙwarai idan aka gwada da faɗinsa. Jinkar katako da ke kare ginin daga ruwa tana sama da shi, tsaye da ƙafafunta.

Akwai labarin da masu yi wa baƙi jagora a fadar ba sa gajiya da bayarwa. Wai Hildebrandt na Biyana ya rantse cewa idan rufin nan ya tsaya, a rataye shi a ƙarƙashinsa, kuma shi zai biya kuɗin igiya. Wai Neumann ya amsa da cewa a kawo igwa a harba a cikin zauren a gani. Ko an yi haka ko ba a yi ba, labarin ya dace da mutanen biyu, kuma gwajin igwar ya zo daga baya ta hanyar da babu wanda ya yi fata.

Kafin nan sai da Neumann ya ɗanɗana abin da duk mai yi wa sarakuna aiki ke ɗanɗana. Friedrich Karl ya mutu a 1746. Sabon bishof, Anselm Franz von Ingelheim, ba ruwansa da gini, hankalinsa yana kan masu da'awar mayar da ƙarfe zinariya. Ya sauke Neumann daga shugabancin gine-ginen masarauta. Mutumin da ya kai muƙamin kanar tun 1741, wanda ya shafe kusan shekara talatin yana yi wa garin hidima, ya koma gefe. Shekara uku aka yi a haka. Da Ingelheim ya mutu a 1749, Karl Philipp von Greiffenclau ya hau, ya mayar da shi kan aikinsa, ya kuma yi abin da ya cika fadar: ya aika Benis aka ɗauko Giovanni Battista Tiepolo, mai zanen da ya fi kowa suna a Turai a lokacin.

Tiepolo ya iso a ƙarshen 1750 tare da 'ya'yansa biyu, Domenico da Lorenzo. Ya fara da babban zauren taro, sa'an nan a 1752 da 1753 ya hau rufin matakala. Irin zanen da ake yi ne a kan ɗanyen shafe, a shafa iyakar abin da za a iya zanawa a yini ɗaya, launi ya shiga jikin farar ƙasa ya bushe tare da ita. Faɗin abin da ya zana ya haura murabba'in mita 600 a shimfiɗe guda, ba a yanka shi gida-gida ba. A tsakiya sararin sama ne da gumakan tatsuniyoyin Girka. A gefuna huɗu kuma ya jera nahiyoyi huɗu da Turawa suka sani a lokacin. Amurka mace ce a kan kada. Asiya tana kan giwa. Turai tana zaune cikin mawaƙa da masu zane da malamai, hoton bishof yana shawagi a samanta.

Afirka kuwa baƙar mace ce, sanye da farin mayafi da kayan ado, zaune a kan raƙumi. A kewayenta akwai fatake da ƙunshin kaya da tuluna da hauren giwa, ga jimina ga biri, ga wani tsoho mai gemu da ke wakiltar kogin Nilu. Tiepolo bai taɓa taka Afirka ba. Abin da ya zana ya tattaro shi ne daga littattafan matafiya da kuma baƙin da yake gani a tashar jiragen Benis. Duk da haka akwai abin lura. A tsakiyar ƙarni na 18, lokacin da jiragen Turawa ke kwasar bayi daga gaɓar Gine, hoton Afirka da ya zo wa wannan mai zane shi ne kasuwa da ayari. Mu da kakanninmu suka bi hanyar Gwanja da goro da kanwa ba za mu ce ya yi ƙarya ba. Sai dai tsarin rufin gaba ɗaya yana da manufarsa: an shirya shi yadda mai hawa zai fara ganin sauran nahiyoyi, sai ya juyo a tsakiyar matakala sa'an nan Turai ta bayyana a gabansa, duniya duka tana kawo gaisuwa ga bishof na wata ƙaramar masarauta da yawancin mutanen waɗancan nahiyoyi ba su taɓa jin sunanta ba.

A gefen Turai ɗin, can ƙasa kusa da bakin rufi, Tiepolo ya zana wani mutum cikin kakin hafsa, zaune a kan bututun igwa, babban kare yana shinshina kusa da shi. Neumann ne. Fuskarsa ta mai gajiya ce.

Fadar Wurzburg kaɗai ta isa ta riƙe sunan mutum, amma ƙaramin kaso ce na abin da ya yi. Shi ne mai kula da ganuwar birni da tsarin tituna da dokar gina gidaje, ya jawo wa garin ruwan sha ta bututu, yana koyar da ilimin gini a jami'ar Wurzburg, yana da masana'antar gilashi da wurin goge madubi. A Kissingen, wajen karkatar da kogin Saale a 1737, shi da wani mai haɗa magunguna suka tono maɓuɓɓugar ruwan magani da garin ke ci da ita har yau. Ya gina fadar Werneck, da majami'ar Gössweinstein, da Käppele a kan tudun da ke kallon Wurzburg. Sarakuna suna aron sa kamar yadda ake aron gwanin ɗori. A Bruchsal, bishof ya sa an cusa wani ƙarin bene a tsakiyar gini ba da shawarar magininsa ba, matakalar da aka tsara ta daina kaiwa, aka bar rami a tsakiyar fada shekaru. Neumann ya zo a 1731 ya murɗa matakala biyu a kewayen ramin suka haɗu a sama. A Brühl kusa da Kolon ma shi ya tsara matakalar fadar.

Daga cikin majami'unsa, wadda ta fi ba mu sha'awa ita ce Vierzehnheiligen, ma'ana Waliyyai Goma Sha Huɗu, saboda daga ɓarna ta fito. Wuri ne na ziyara a kan tudu kusa da kogin Main. Kiristocin yankin sun yi imani cewa a 1445 da 1446 wani makiyayi ya ga wahayi a wani takamaiman wuri a cikin saura, kuma saboda wannan ɗigon ƙasa ake zuwa. Filin na gidan sufaye ne na Langheim, su ne masu biyan kuɗi, amma amincewa da zane tana hannun bishof na Bamberg. Bishof ya zaɓi zanen Neumann. Shugaban sufayen, Stephan Mösinger, yana son abu mai sauƙin kuɗi, ya kuma fi jituwa da wani magini mai suna Gottfried Heinrich Krohne, wanda aka ba kula da aikin a wurin. A zanen Neumann majami'ar tana da siffar gicciye, kuma wurin wahayin zai faɗo daidai inda hannuwan gicciyen suka haɗu, ƙarƙashin babbar ƙubba. Aka aza harsashi a watan Afrilu na 1743. Krohne, domin ya rage kuɗin sarar tudu, ya gusar da ginin gaba ɗaya wajen gabas da 'yan mitoci. Araha ba ta ado. Da Neumann ya zo duba aiki a ƙarshen shekarar, ya tarar bangon gabas ya riga ya tashi, kuma wuri mai tsarkin ya faɗo a tsakiyar doguwar farfajiyar masu ibada, inda babu abin da aka tanadar masa.

Rushewa ba ta yiwuwa, kuɗi sun riga sun shiga. Abin da ya yi shi ne ya bar bangon waje yadda yake, ya sake tunanin cikin gaba ɗaya. Ya jera siffofin ƙwai guda uku a tsawon ginin, mafi girma a tsakiya, ya kewaye wurin wahayin da ginshiƙai, ya sa ƙananan da'irori biyu a hannuwan gicciyen. Inda aka saba ganin ƙubba, wato mahaɗar gicciye, sai ya zama wurin da bakunan rufi biyu ke haɗuwa su wuce. Wanda ya tsaya a waje zai ga majami'a irin wadda ya saba gani, mai hasumiya biyu. Idan ya shiga sai ya rasa inda bango ya miƙe, ko'ina lanƙwasa ne da haske daga tagogi hawa-hawa, kuma ƙafarsa da kanta za ta kai shi tsakiya inda bagadin yake tsaye shi kaɗai. Masana gini da yawa suna ganin da Krohne bai yi wannan ɓarna ba, da majami'ar ba ta kai haka ba. Muna jin akwai gaskiya a ciki, ko da yake ba mu ga dalilin gode wa Krohne ba. An keɓe ginin a 1772, Neumann bai gani ba.

Ya rasu a Wurzburg ranar 19 ga Agusta, 1753, yana da shekara 66, 'yan watanni kafin Tiepolo ya tattara kayansa ya koma Benis. An yi masa jana'izar soja, aka binne shi a majami'ar Marienkapelle da ke bakin kasuwar garin.

Gwajin igwar ya zo ne a daren 16 ga Maris, 1945. Jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Wurzburg ruwan bama-bamai masu tada gobara na kimanin minti ashirin. Kusan kashi 90 cikin 100 na tsohon birnin ya ƙone, mutane dubbai suka mutu. Wuta ta cinye jinkar fadar da benayen katako da yawancin ɗakunan alfarma. Gumagumai masu ci da wuta suka zubo a kan bayan rufin matakala, rufin ya ɗauke su bai faɗi ba, zanen Tiepolo yana ƙarƙashi. Haɗarin da ya rage shi ne ruwan sama, domin babu abin da ya rufe shi. Wani hafsan sojan Amurka mai kula da kayan tarihi, John Skilton, ya isa garin a bazarar wannan shekara, ya nemo katako da takardar kwalta a lokacin da ko ƙusa wuyar samu take, ya sa aka yi rufin wucin gadi. Gyaran fadar ya ci fiye da shekara arba'in, ɗakin madubai ne na ƙarshe, an gama shi a 1987. Hukumar UNESCO ta sa fadar cikin jerin kayan tarihin duniya a 1981. Daga 1991 har zuwan kuɗin yuro, fuskar Neumann ce a kan takardar mark 50 ta Jamus, kuma wataƙila wasu daga cikin 'yan kasuwarmu da suka yi safarar motoci daga Hambag sun riƙe ta a hannu ba su san ko wane ne ba.

Aikinsa na ƙarshe babba shi ne majami'ar gidan sufaye na Neresheim a yankin Suwabiya, wadda aka fara a 1747. Ya tsara mata ƙubbobi bakwai, babbar tana tsakiya a kan ginshiƙai sirara guda takwas da aka jera biyu-biyu, sun rabu da bango, kuma nufinsa a yi su duka da dutse da bulo. Lokacin da ya mutu bango bai kai ga rufi ba. Ɗansa Franz Ignaz Michael, wanda shi ma magini ne, ya gabatar da hanyar da za a bi a cika nufin mahaifinsa, ba a karɓa ba. Lissafin yadda wannan nauyi zai tsaya a kan waɗannan ginshiƙai yana cikin kan mutum ɗaya, kuma an binne shi. Maginan da suka gaji aikin suka duba zanen, suka duba ginshiƙan, babu wanda ya yarda ya sa wuyansa. Suka rage tsayin ƙubbobin, suka yi su da katako, aka shafe da farar ƙasa, wani mai zane daga Tirol mai suna Martin Knoller ya zane su tsakanin 1770 da 1775. An keɓe majami'ar a 1792, shekara 39 bayan rasuwar wanda ya tsara ta, kuma ƙubbobin katakon ne a kanta har yau.